Kafin ka rufe gilashin bayan motarka, ga abin da doka ke dubawa da tarar da ke biyo baya

Toh jama'a, maganar rufe gilashin bayan mota magana ce da mutane ke ɗauka da wasa har sai ranar da ɗan sanda ya ɗaga musu hannu. Wani baƙar leda ya manna saboda zafin rana, wani sitikar talla ya shimfiɗa daga wannan gefe zuwa wancan, wata labule ta rataya don kar rana ta dami jaririnta, ga kuma masu loda kaya har rufi in za ai doguwar tafiya. Duk waɗannan rufewa ne a idon doka, amma ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma ba kowace ƙasa ke ɗaukarsu iri ɗaya ba.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shine dokokin nan gaba ɗayansu akan tambaya biyu suke tsaye. Ta farko, kai direba kana ganin abin da ke bayanka? Ta biyu, wanda ke waje, musamman jami'in tsaro, yana iya ganin wanda ke cikin motar? Akwai ƙasashen da ta farkon kawai ta dame su, akwai waɗanda duka biyun suke tambaya, kuma in ka gane wacce ƙasarka ke yi toh ka gama rabin aikin tun kafin ka taɓa gilashin.

Mu fara da ta farko don itace ta shafi rai. A ƙasashe da yawa doka bata ce lallai sai ta gilashin baya zaka ga baya ba, cewa tayi dole ka samu hanyar gani, shi yasa zaka ga motocin ɗaukar kaya da aka ƙera ba tagar baya ko ɗaya suna yawo ba mai tare su, saboda suna da madubi biyu a waje, hagu da dama. Wannan ƙa'idar ta madubi biyu ita ce ginshiƙin komai. In madubin tsakiya ya daina nuna maka komai saboda leda ko kaya, dole madubin gefe guda biyun su kasance suna nan, lafiyayyu, a saite. Don haka kafin ma ka je wajen mai manna leda, zagaya ka duba madubin ɓangaren fasinja, in ya tsage ko ya karye an ɗaure shi da salatif ko ma babu shi gaba ɗaya, gyara shi tukuna, domin a ranar da ka rufe gilashin baya da madubi ɗaya ka zama mai laifi ko da a ƙasar da ta halatta rufewar ne.

A Birtaniya misali, dokar duhun gilashi bata taɓa gilashin baya da na kujerun baya ba kwata-kwata, ka sa duhun da kake so. Inda suka tsananta shine gaba: motar da aka fara amfani da ita daga 1 ga Afrilu 1985, gilashin gaba dole ya bar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na haske ya ratsa, na ƙofofin gaba kuma kashi 70, in ka karya wannan za su iya baka takardar hana hawa motar har sai ka cire, ko takardar tara, ko sammacin kotu. Faransa ma kusan haka, tun 1 ga Janairu 2017 gilashin gaba da na ƙofofin gaba sai sun kai kashi 70, in ba haka ba tarar yuro 135 ce kuma a zaftare maka maki 3 a lasisi, amma na baya an bar ka dashi muddin madubanka biyu na waje suna nan. Amurka kuwa kowace jiha da nata, wanda ya halatta a wannan jihar yana iya zama laifi a maƙwabciyarta. Kalifoniya da New York duk sun yarda ka duhunta gilashin baya in kana da madubin gefe biyu, sai dai New York tun farkon 2017 ta shigar da awon duhun gilashi cikin binciken mota na shekara-shekara, wato ko ɗan sanda bai tare ka ba zaka haɗu da maganar a wajen bincike.

Yanzu ɗaya ɓangaren, waɗanda ke son a ga cikin motar. Indiya na cikinsu, ƙa'idarsu ta ce gilashin gaba da na baya kashi 70, na gefe kashi 50, kaga nan gilashin baya ba'a bar shi sakaka ba, kuma a 2012 kotun ƙolin ƙasar ta hana manna baƙar leda a gilashin mota, dalilin da aka kawo shine miyagun laifukan da ake aikatawa a cikin motoci masu duhu. Najeriya ma tana da dokar 1991 da ta hana duhunta kowane gilashi na mota ta yadda mutane ko kayan da ke ciki ba zasu ganu ba, sai da izini bisa dalilin lafiya ko tsaro, hukuncin da ke rubuce a dokar kuma tarar naira 2,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyun. A irin waɗannan wuraren hujjar "ai ina da madubi biyu" ba zata fisshe ka ba, don ba ganinka ake tambaya ba. Ni dai ina ganin duk mai mota ya kamata ya san wannan bambancin, saboda mutane da yawa a intanet suke karanta dokar wata ƙasa su ɗauka tasu ce.

Sai lissafin haske, wanda anan ne masu mota ke faɗawa rami ba da niyya ba. Lambar da ake rubutawa a jikin leda, 50 ko 35 ko 20 ko 5, yawanci tana nufin kashi nawa na haske ke wucewa, wato duk ƙanƙantar lambar duk tsananin duhun. Matsalar itace gilashin mota tun daga kamfani ba ya barin haske ɗari bisa ɗari, yana ɗan tare wani abu. In gilashinka na barin kashi 80 ka ɗora masa leda mai 50, ba 50 zaka samu ba, ninkawa ake yi, sai ka tashi da kashi 40. In kuma motar irin mai zuwa da gilashin baya mai duhu ce daga kamfani, wanda a jikin gilashin aka rina shi ba leda bace, ka ƙara masa leda, toh da daddare kusan ba abin da zaka gani. Jami'i kuma in ya zo da na'urar awo, gilashi da leda yake aunawa a haɗe, ba ruwansa da abin da aka rubuta a kwali. Don haka ka ce wa mai mannawa ya auna gilashin kafin ya manna, ya sake aunawa bayan ya gama, in bashi da na'urar nemi wanda ke da ita.

Ka karɓi takarda kuma. A Jamus leda sai wadda hukuma ta amince da irinta, tana zuwa da takardar shaida da zaka riƙa ajiyewa a mota, da lamba a jikin ledar da dole ta ganu akan gilashin, kuma daga ginshiƙin tsakiyar mota, wanda ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, zuwa baya kawai ake mannawa. Ko ƙasarka bata da wannan tsarin, rasit mai ɗauke da sunan ledar da lambar haskenta yana da amfani ranar gardama. In kuma izini ake bayarwa a wajenku, ka samo izinin kafin ka manna, ba bayan an tare ka ba, kuma ka nema ta hannun hukumar da ke bayarwa, kar ka bi ta ɗan tsakiya. Kamfanin inshora ma ka sanar dasu, don a wurare da yawa leda canji ce a jikin mota, kuma in hatsari ya faru aka gano baka iya ganin baya, suna da ƙofar da zasu bi su rage abin da zasu biya.

Sitika da tallace-tallace su ma haka. Ƙaramar sitika a kusurwa ba'a cika magana akanta ba, a Jamus har awo suka sa, in bata kai murabba'in mita 0.1 ba kuma bata cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gilashin ba bata buƙatar amincewa, in ta wuce haka ta shiga layin leda. Akwai wata ledar talla mai ƙananan huji da ake cewa daga ciki ana ganin waje, eh da rana ana gani, amma bari ruwan sama ya sauka, hujojin su cika da ruwa, sai komai ya dishe, da daddare ma haka. In zaka sa ta, ka ɗauka kawai ka rufe gilashin ne, ka dogara da madubin gefe.

Wani abu da ake mantawa dashi shine fitilar birki ta uku, wadda a motoci da yawa a cikin gilashin baya take, sama ko ƙasa. Amurka ta wajabta ta a ƙananan motoci tun samfurin 1986. In leda mai kauri ko sitika ko labule ko jaka ta rufe ta, wannan laifi ne daban mai zaman kansa, kuma wallahi ba maganar tara bace kawai, wanda ke binka a baya da ita yake saurin gane ka taka birki. A yanke ledar a zagaye wurin fitilar, aikin minti kaɗan ne.

Maganar kaya ita ce tafi damuna, don leda tara take jawowa, kaya kuwa rai suke ɗauka. Loda but har sama ya toshe gilashi a ƙasashe da dama ba laifi bane in madubai biyu na aiki, laifin yana wajen rashin ɗaurewa. Duk abin da ya haura tsayin jinginar kujerar baya, in ka taka birki da ƙarfi gaba zai taho, kan yaran da ke zaune a baya zai fara samu kafin ya iso gare ka. Masu nauyi a ƙasa, a manne da bayan kujera, marasa nauyi a sama, in dole sai ka haura kujera toh ka sa raga ko shingen ƙarfe tsakanin kaya da mutane, ka ɗaure da igiya mai kyau. Kan allon nan na ƙarƙashin gilashin baya kar ka ajiye kwalba ko laima ko wani abu mai tauri. A Jamus tarar tuƙi da ganin da ya toshe yuro 10 ce, amma kayan da ba'a ɗaure ba yuro 35, in ya jefa wani cikin haɗari ta koma 60 kuma a rubuta maka makin laifi ɗaya, kaga su ma kayan suka fi ɗauka da zafi.

Labulen yara da abin tare rana, a tagogin gefe na baya ake sawa, ba a na gaba ba. Abin da ake shimfiɗawa a gilashi in mota na ajiye a rana ba matsala, ka dai cire kafin ka tayar. Ƙura da laka da raɓa da ƙanƙara a ƙasashen sanyi duk rufewa ne su ma, ka goge gilashin da maduban kafin ka hau titi. Kyamarar ribas kuma, wadda Amurka ta wajabta a sabbin motoci daga Mayu 2018, taimako ce lokacin ja da baya, amma a yawancin motoci da ka sa giyar gaba take ɗaukewa, don haka bata maye gurbin madubi.

In an tare ka, sauke gilasai tun kafin jami'in ya ƙaraso, da daddare ka kunna fitilar ciki, wannan kaɗai na sauke rabin zafin maganar. Ka nuna takardarka, ka tambaya cikin ladabi wane sashe na doka aka ce ka karya, in maganar duhu ce ka nemi a auna. In an yanka tara ka karɓi takarda ka biya ta hanyar hukuma, in baka yarda ba akwai hanyar ƙalubalanta, bakin titi ba wajen shari'a bane. Mai tsallaka iyaka da mota kuma ya binciki dokar inda zai shiga tun yana gida.

In ya zama dole ka cire ledar, kar ka bari a fizge ta da reza a gilashin baya. Siraran layukan nan da kake gani a kwance wayoyi ne masu ɗumama gilashi su kori raɓa, a wasu motocin har eriyar rediyo na ciki, reza na yanka ɗaya layin ya mutu. A ɗumama ledar da tururi ko na'urar busar da gashi, a ɗaga ta daga kusurwa a ja a hankali, gam ɗin da ya rage a jiƙa shi da ruwan sabulu ko maganin cire gam a goge da tsumma mai laushi, ana bin layukan a kwance ba a gicciye ba.