Kurakuran da aka fi yi wajen ambaton sunayen littattafan Bishara

Ɗalibin da ya fara karanta ayyukan masana Littafi Mai Tsarki yakan zaci cewa duk wanda ya rubuta "Markus ya ce kaza" ya yarda ke nan cewa Markus, abokin aikin Bitrus almajirin Yesu, shi ne ya riƙe alƙalamin. Ba haka abin yake ba. Babu ko ɗaya daga cikin littattafan Bishara huɗu, wato Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, da ya faɗi sunan marubucinsa a cikin nassinsa, kuma sai wajen shekara ta 180 ne Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya jera sunayen huɗu a fili. Masanan zamani sun riƙe sunayen a matsayin laƙabin littafi, ko sun amince da abin da al'adar ikkilisiya ta ce ko ba su amince ba. Gyaran shi ne mai rubutu ya ce "marubucin Bisharar Markus" idan mutumin yake nufi, kamar yadda wasu ke cewa "Bishara ta Huɗu" maimakon su ambaci Yohanna.

Akwai kuma masu cusa Yohanna cikin rukunin da ake kira Sinoptik, alhali rukunin Matiyu ne da Markus da Luka kaɗai, waɗanda masani Bajamushe Griesbach ya jera kafaɗa da kafaɗa a 1776 saboda kamannin labaransu.

Kuskuren da ya fi waɗannan muni, a ganina, shi ne yin magana a kan Q, tushen da ake zaton Matiyu da Luka sun ɗebo daga gare shi, tamkar wani littafi ne da ke ajiye a ɗakin karatu. Ba a taɓa samun kwafinsa ba. Hasashe ne da aka gina a kan maganganun Yesu da Matiyu da Luka suka yi tarayya a kai amma babu su a Markus, har ma akwai masanan da ke musun samuwarsa, don haka dole a rubuta "tushen da ake hasashe".

Sai rikicin sunaye masu kama da juna. Bisharar Toma da aka gano a Nag Hammadi ta Masar a 1945, mai ɗauke da maganganu 114, daban take da Bisharar Ƙuruciya ta Toma. Haka nan Linjilar Barnaba, wadda ake yawan ambata a muhawarorin addini a ƙasar Hausa, tsofaffin kwafinta da Italiyanci da Sifaniyanci suke, kuma ba ita ce Wasiƙar Barnaba da ke cikin Sinaitikus, kundin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4, ba. Wanda zai kawo ɗayansu a rubutu sai ya rubuta cikakken sunan tun a ambato na farko.