Jiki da ɗumi, jini na faɗuwa: kurakuran da muke yi idan cuta ta shiga jini

Kuskuren farko da hannu ake yin sa. Uwa ko miji ya taɓa ƙafar marar lafiya, ya ji ta da ɗumi, sai ya ce alhamdulillahi jini na gudu, a bari sai da safe. A shekarun da na yi ina aikin jinya a Kumasi, babu maganar da ta fi ƙona mini rai kamar wannan "sai da safe". Mun saba da cewa wanda jininsa ya faɗi sanyi yake yi, kuma haka ne ga wanda ya zubar da jini a haɗarin mota ko wanda gudawa ta tsotse: jijiyoyinsa tsukewa suke yi don ɗan abin da ya rage ya kai ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Amma idan ƙwayoyin cuta ne suka birkita jiki, abin da likitoci ke kira sefsis, sau da yawa jijiyoyin buɗewa suke fara yi. Fata ta yi ɗumi, ƙoda kuwa tana can tana fama da ƙishi.

Abin da ke buɗe su wata iska ce da jiki ke haɗawa da kansa, naitirik okusaid, a taƙaice NO. A 1980 Robert Furchgott ya lura cewa siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiyar jini tana fitar da wani abu mai sa naman bangon jijiyar ya saki. A 1987 aka tabbatar NO ce, a 1998 kuma shi da Louis Ignarro da Ferid Murad suka karɓi kyautar Nobel a kanta. Mai lafiya kaɗan-kaɗan yake fitar da ita daga wani sinadari mai suna arjinin, ta yi aikinta cikin 'yan daƙiƙu ta ɓace. Ita ke hana jijiya ƙanƙancewa, tana kuma rage daskarewar jini.

Idan cuta ta shigo, dakarun garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai da ake kira sitokin, irin su TNF da IL-1. Waɗannan su ke tayar da wani injin haɗa NO mai suna iNOS, wanda bai san awo ba: sa'o'i yake yi yana kwarara ta. Duk wanda ya zauna a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi ya san abin da ke faruwa idan kowa ya buɗe famfonsa lokaci guda. Ruwa na cikin bututu, amma na saman bene ko ɗigo ba ya samu. Haka jini ke yi. Ga shi ƙananan jijiyoyi sun fara yoyo, naman zuciyar ma ya yi laushi.

Don haka a bar dogara da taɓa fata, a ƙirga numfashi da agogon waya. Babba mai zazzaɓi da ke numfashi sau 22 ko fiye a minti ɗaya, ko ya soma rikicewa yana maganar da ba ta da kai, ko lambar sama ta awon jininsa ta sauka zuwa 100 ko ƙasa, ko yini ya wuce bai yi fitsari ba, wannan na asibiti ne a daren. A kira 112, lambar gaggawa ta Ghana, ko a tari tasi.

Sai ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro. A aika yaro kemis, a sha magani kwana uku babu gwaji, cutar kuwa tana cikin huhu, ko mafitsara, ko mahaifar maijego, ko gyambon ƙafar mai ciwon suga. Farasitamol na saukar da zafin jiki, ba ya kashe ƙwayar cuta. Masu kashe ciwo irin su diklofenak kuma suna ƙara wa ƙodar da jini bai ishe ta ba wahala. Ƙiyasin duniya na 2017 ya nuna mutum wajen miliyan 11 sefsis ta kashe a wannan shekarar kaɗai, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar.

Na ƙarin ruwa kuwa sai na tsaya a kansa, domin nan muka fi samun saɓani da 'yan'uwan marar lafiya. "Sista, a ƙara masa leda ɗaya mana." Na san daga ƙauna maganar ke fitowa. Ruwa yana da amfani, da shi ake farawa ga babba, amma bututun da ya buɗe kuma yake yoyo ba a cika shi da zubawa kawai. Rarar sai ta taru a huhu. A 2011 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin sa'o'i 48 a kan waɗanda ba a yi wa haka ba. Wannan ya sa ake auna ruwan, ana sauraron ƙirji bayan kowane zubi. Idan jini ya ƙi tashi, sai a sa noradirenalin, maganin da ke tsuke jijiya, har matsakaicin ƙarfin jini ya kai 65. Tare da haka a ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, cikin sa'ar farko ga wanda jininsa ya faɗi, a kuma nemo tushen: ƙurjin da ke buƙatar a tsaga, ko ragowar mabiyiya. Ledar ruwan da ake kira wani ya sa a ɗaki ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ƙannena ɗaliban jinya, naku kuskuren a takarda yake. Kuna rubuta cewa NO ce abokiyar gaba a sefsis. Masana ma sun taɓa zaton haka, har aka gwada maganin da ke toshe dukkan injinan haɗa ta. Jinin marasa lafiyar ya tashi, amma mutuwa ta ƙaru, aka dakatar da gwajin, aka buga sakamakon a 2004. Magungunan toshe TNF su ma ba su ba da abin da aka sa rai ba. Dalili kuwa, da NO garkuwar jiki ke kashe wasu ƙwayoyin cuta, da ita ƙananan jijiyoyi ke zama a buɗe. Ku dubi masu sikila da muke gani kullum a asibitin Komfo Anokye na Kumasi: jajayen ƙwayoyin jininsu na fashewa, himogulobin, jan sinadarin da ke cikinsu, ya zube ya haɗiye NO, jijiya ta tsuke. Su rashinta ke wahalar da su. Kada kuma ku haɗa ta da naitiros okusaid, iskar rage zafi ta ɗakin tiyata. Suna ne kawai ya yi kama.

Akwai kuma kuskuren da ya shafi iyayenmu maza, kunya ce ke rufe shi. Naitirogilisarin, ƙwayar da mai ciwon zuciya ke sawa ƙarƙashin harshe, NO take sakewa a jiki. Viagra kuma tana hana saƙon da NO ta bari a bangon jijiya gushewa da wuri. Idan suka haɗu, jini na iya faɗuwa warwas cikin mintuna. An kuma sha gano sinadarin Viagra a ɓoye cikin magungunan ƙarfin maza da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Baba, idan ciwon ƙirji ya kawo ka asibiti kuma ka sha irin wannan cikin kwana biyun da suka wuce, ka ce 'ya'ya su ɗan ba mu wuri, ka faɗa wa nas ko likita kafin a sa maka komai ƙarƙashin harshe.