Yadda za ka adana fayiloli a kaset ɗin DDS-4 ba tare da ya cika a rabin aiki ba

DDS-4 wani nau'in kaset ne na adana bayanan kwamfuta. Da farko, duba lambobin da ke jikin kaset ɗin. Za ka ga 20/40 GB. Ka riƙe 20, ita ce ainihin abin da yake ɗauka. Ita 40 ɗin lissafi ne na cewa na'urar za ta matse bayanai su koma rabi, alhali hotunan JPEG, waƙoƙin MP3 da fayilolin ZIP an riga an matse su, ba za su ƙara raguwa ba. A nan mutane da yawa ke yin asara.

Na biyu, auna abin da za ka kwafa da wannan umarni na Linux, wanda ke ba da girman a kilobayit: du -sk /home

Idan ya wuce kaset ɗaya, sa tar, manhajar da ke tattara fayiloli wuri ɗaya, ya raba aikin (/dev/st0 ita ce na'urar kaset ɗin):
tar -cvf /dev/st0 -M -L 19000000 /home

M na sa ya tsaya ya nemi sabon kaset, L kuma na gaya masa inda zai tsaya, da ma'aunin bayit 1024. Na zaɓi 19000000 don a bar ɗan sarari, domin tsohon kaset ba kasafai yake kaiwa iyakarsa ba. Kada ka haɗa M da z, wato zaɓin da ke matse bayanai, tar ba zai yarda ba.

Rubuta lamba da kwanan wata a kan kowane kaset da zarar ya fito.

Kafin ka ajiye su, mayar da na farko ka gwada da tar -dMf /dev/st0 -C / don ya kwatanta da asalin fayilolin.