Koya wa Ɗalibai Zanen Alƙaluma

Kafin ɗalibi ya ɗauki rula, a tambaye shi me yake son mai dubawa ya gani. Idan kwatanta rukunoni ne, ginshiƙai suka dace. Canji bisa lokaci kuwa, layi ake ja. Da'ira sai in abu guda ake rabawa kashi-kashi.

A ginshiƙai aka fi tafka kuskure. Dole ma'aunin tsaye, wato layin lambobi da ke gefen zanen, ya fara daga sifili. In aka fara daga 40, ginshiƙin 50 zai ninka na 45 tsawo, alhali bambancinsu 5 ne kacal. Tazarar lambobi ta zama iri ɗaya, faɗin ginshiƙai ma haka.

A da'ira, a ninka kowane kaso cikin ɗari sau 3.6 don samun kusurwarsa: kashi 25 zai ba da digiri 90. Kowane irin zane ne, a sa masa take, kowane gefe ko kaso kuma da sunansa.