Yadda za ka dasa itatuwan katako a gonarka

Tun da rani za ka raba filin, don kowace bishiya da inda take so. Maɗaci, wanda kafintoci ke rububin katakonsa, ka ba shi wuri mai danshi, kusa da fadama in kana da ita. Darbejiya ba ta da tsirfa, ko a kan jigawa kamawa take. Turare kuwa ka kai shi can bakin iyaka, nesa da gero da rijiya, saboda shan ruwansa ya yi yawa.

A watan Maris ko Afrilu sai ka shuka iri a leda, ƙasa gauraye da ruɓaɓɓen taki. Irin maɗaci da na darbejiya ba sa jure ajiya, sabo za ka nema.

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Jira damina ta zauna, wajen Yuli, sannan ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, tazarar mita 3 tsakani. Yage ledar ka cire, ka dasa, ka danne ƙasar da ƙafa.

Daga nan sai tsaro, kuma nan ne mutane ke sakaci. Kewaye kowace da ƙayar magarya, in ba haka ba awakin gari su cinye ta da rani. Da kaka ka share busasshiyar ciyawa saboda gobara.

A shekara ta biyu ka fara datse rassan ƙasa don itacen ya miƙe sambal. Turare zai ba ka sandunan rufi cikin 'yan shekaru, in ka sare ya sake tofo. Maɗaci kam yana da nawa, wataƙila 'ya'yanka ne za su kira mai zarto.