Kurakuran da ke ɓata bidiyon biki da na suna wajen haɗawa, da yadda za a gyara su

Kusan kowane gida yanzu yana da mai haɗa masa bidiyo. Ana gama ɗaurin aure ko raɗin suna ko saukar Alƙur'ani, sai ka ji an ce kowa ya tura wa wane abin da ya ɗauka, shi ya iya CapCut. Kafin isha bidiyo ya shiga zauren dangi na WhatsApp, ana ta sa masa albarka. Manhajojin sun sauƙaƙa aiki kam. A waya akwai CapCut na kamfanin ByteDance mai TikTok, da InShot, da KineMaster, da VN. A kwamfuta kuma ga Clipchamp da ke zuwa da Windows 11, ga iMovie na Apple, ga Filmora. Sai dai yawancin na waya an tsara su ne domin gajeren bidiyon da zai tsayar da idon baƙo na 'yan daƙiƙu. Bidiyon gida kuwa ajiya ce. Wanda zai fi kowa buƙatarsa shi ne jaririn da aka raɗa wa suna yau, ranar da ya girma yana son ya ga kakarsa, ya ji yadda take magana. Idan mai haɗawa ya manta da wannan, daga nan ɓarna ke farawa.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne kashe sautin wurin a ɗora waƙa tun daga farko har ƙarshe. Za ka ga gwaggon amarya ta dafa kafaɗarta tana yi mata nasiha, bakinta na motsi, idonta ya kawo ruwa, amma abin da ke shiga kunnenka kiɗa ne. Addu'ar liman ta tafi. Sanarwar sadaki, lakadan ba ajalan ba, ta tafi. Guɗar da aka rangaɗa lokacin da aka fito da amarya, da muryar tsoho yana cewa Allah Ya ba da zaman lafiya, duk an binne su. Waƙar nan ko bayan shekara ashirin za a same ta a intanet. Muryar gwaggo kuwa a wayarka kaɗai take.

Gyaran ba wuya. A kowace manhaja sautin bidiyo daban yake, layin waƙa daban, kuma kowanne yana da wurin rage ƙarfi. Duk inda mutum ke magana, ka sauke waƙar ƙasa sosai, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ko ka cire ta gaba ɗaya. Wurin addu'a da karatu dai cirewa ya kamata. Ka bar waƙa ga wuraren da ba magana: jerin motoci a hanya, mata na tuƙa tuwo a tsakar gida, ana zana lalle, ana jera lefe. Kada kuma ta shigo kwatsam ko ta yanke kwatsam, a sa ta taso a hankali ta sauka a hankali. Wani abin lura: idan ka ɗora waƙar wani ba da izini ba, YouTube da Facebook suna iya gane ta, su kashe sautin bidiyon ko su toshe shi, sai a wayi gari ba waƙar ba muryar.

Ƙarar janareta da ta lasifika su ne maƙiyan sauti a tarukanmu. Mutane na ganin maɓallin rage hayaniya sai su tura shi har ƙarshe, murya ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Ka ɗan taɓa shi kawai, ka saurara da abin kunne, sannan ka sake saurara da lasifikar waya, don da ita yawancin dangi za su ji. Maganin gaskiya tun wurin ɗauka yake: ka matsa kusa da mai magana maimakon ka tsaya nesa kana jawo hoton, ko ka ajiye wata waya kusa da shi tana naɗar murya kaɗai. Wajen haɗawa sai ka nemi inda jama'a suka ce amin baki ɗaya. Zanen sautin yana yin tsini a wurin a dukan fayilolin biyu, da shi za ka daidaita murya da motsin baki.

Sai batun tsawo, inda ake ɓata ta fuska biyu. Wani ba ya yanke komai: minti arba'in, da inda waya ke kallon takalma, da inda take rawa a hannu ana neman hanya, da zaman jiran ango. Wani kuma ya ɗauki samfurin da manhaja ta riga ta tsara, wanda ke yanka hoto daidai da bugun kiɗa, kowace fuska rabin daƙiƙa. Kafin ka gane kawu ne ko baffa, an wuce. Shawarata a yi bidiyo biyu. Ɗaya gajere na sitatus, a yi masa duk kwalliyar da ake so. Ɗaya kuma na ajiya, minti goma ko sha biyar, a bi tsarin yadda abubuwa suka gudana: kamu, ɗaurin aure, wuni, kai amarya, buɗar kai, gwargwadon al'adar gidan. A cikin na ajiya ka bar fuskar kowane dattijo ta tsaya aƙalla daƙiƙa huɗu ko biyar, kuma kada ka yanke mutum a tsakiyar magana. Ka duba ma ko kowane ɓangare ya fito. Sau da yawa amarya da ƙawayenta ne ke cinye bidiyon, a rasa matan da suka kwana a bakin murhu, alhali su ne suka ɗauki bikin a kansu.

Game da juye-juyen da ake sawa tsakanin hoto da hoto, wannan ya wulwula, wancan ya tarwatse, taurari na zuba, magana ɗaya ce: yanka kai tsaye ya fi, sai narkewa a hankali idan za a tsallaka daga wata rana zuwa wata. Haka rage gudun bidiyo. Idan ba a ɗauke shi a kan firem 50 ko 60 ko sama da haka ba, wato yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa, rage gudunsa tsalle-tsalle kawai zai sa shi.

Tacen fuska kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Manhajojin nan suna da abin goge fata, da ƙara haske, da rage faɗin fuska, da ƙara girman ido, kuma hannu na saurin kai musu. Sai a mayar da amarya wankan tarwaɗa ta zama fara sol, a shafe tsagen da ke kumatun kaka, a goge tamojin goshin tsoho. Wannan ba gyara ba ne, sauya mutum ne, kuma jikokin da za su kalla wata fuskar za a nuna musu ba ta kakarsu ba. Launi ma haka: anko da aka sha wahalar zaɓa, shuɗi ne, tace ya mayar da shi kore, jan lalle ya koma ruwan ƙasa. Idan hoto ya yi duhu, ka ɗaga haskensa kaɗan, ka ɗaga wuraren inuwa, ka tsaya nan. Ma'auni mai sauƙi shi ne farar shadda ko farar hula: idan ta koma rawaya ko shuɗiya, ko ɗinkin da ke jikinta ya ɓace cikin haske, ka zarce.

Akwai kuskuren da ake tafkawa tun kafin a buɗe manhaja, wato karɓar bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba turawa. WhatsApp na matse bidiyo don ya rage cin data. Kai kuma ka haɗa matsattsen, ka fitar, ka sake turawa, a sake matse shi. Shi ya sa fuskoki ke dusashewa, zanen atamfa ya cakuɗe. Ka ce a turo maka a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu. Tun 2022 WhatsApp ke karɓar fayil har mai girman 2GB ta wannan hanya, kuma ba ya taɓa ingancinsa. In kuna wuri ɗaya, Xender ko Quick Share ko AirDrop ko wayar caji da kwamfuta sun fi, ba kuma ruwanka da data.

Da bidiyon ya taru daga wayoyi biyar ko shida za ka tarar wasu a tsaye aka ɗauka, wasu a kwance. Ka yanke shawara tun farko. Na sitatus da TikTok tsaye ne, 9:16. Na talabijin da kwamfuta da YouTube kwance ne, 16:9. Kada ka ja hoto ka buɗa shi don ya cika allo, mutane su zama gajeru masu faɗi, kada kuma ka zuƙo shi har hula da ɗankwali su fita. Ka bar shi yadda yake a tsakiya, ka cike gefe da gefen da dusasshen hoton kansa. CapCut da InShot duk suna yin haka. Kuma kafin taro na gaba, a gaya wa masu ɗauka su riƙe waya iri ɗaya.

Rubutu a kan bidiyo yana da tarkon da ya shafe mu musamman. Yawancin salon rubutun ado da ke cikin manhajojin ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Ka rubuta ɗaurin aure, a fitar da bidiyo ka ga ɗan akwati a madadin harafin farko, ko harafin ya fito da wata siffa daban. Ka sa allon rubutun Hausa na Gboard, ka gwada kalma mai lanƙwasa a salon da ka zaɓa kafin ka ci gaba. Salo marar ado irin Noto Sans yana da su duka. Abin da ya fi dacewa a rubuta shi ne wanda aka fi mantawa: rana da wata da shekara, garin, da sunayen manya a ƙasan fuskokinsu. Ka tabbatar da sunan a bakin mai shi ko 'ya'yansa, ka kuma janye rubutun daga can ƙasa da can sama, inda maɓallan WhatsApp da TikTok ke rufewa.

Wajen fitar da bidiyo, mutane na ɗauka mafi girma shi ne mafi kyau, sai su zaɓi 4K, ɗaya daga cikin ma'aunan girman hoto, maimakon 1080p. Hoton 4K ya ninka na 1080p sau huɗu a yawan ɗigo, amma idan a 1080p aka ɗauka, fitarwa a 4K ba ta ƙara komai sai nauyi. A iPhone, minti ɗaya na 1080p a firem 30 yana cin wajen 60MB, na 4K a firem 60 kuwa wajen 400MB. Ga bidiyon gida 1080p ya wadatar, a fayil na MP4 mai tsarin H.264, wanda kusan kowace waya da talabijin ke buɗewa. Fayil mai tsarin HEVC ya fi ƙanƙanta, amma tsofaffin na'urori kan ƙi shi. Yawan firem kuma ka bar shi yadda aka ɗauka. Idan wani ɓangare ya fito da haske mai kashe ido ko ya koɗe, galibi HDR ne, tsarin ɗauka mai faɗaɗa haske da launi, wanda iPhone ke ɗauka da shi tun daga iPhone 12. A kashe shi wajen fitarwa, ko ma tun wajen ɗauka. Wanda ya ga hoto na ƙyalƙyali ko layuka na bi ta ciki a zauren taro, wutar ce: lantarkin Najeriya da Nijar da Ghana a kan 50Hz yake, wato yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma firem 30 ko 60 ba sa tafiya da shi a ƙarƙashin wasu fitilu. Ɗauka a firem 25 ko 50 kan magance shi, in wayar tana da zaɓin. Idan kuma filashin ajiya ya ƙi karɓar bidiyo alhali da sauran wuri, duba ko tsarin ajiyarsa FAT32 ne. Ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB, sai an mayar da shi tsarin exFAT, kuma yin hakan yana share abin da ke ciki, don haka a kwashe tukuna.

Tambarin da manhaja ke liƙawa a kan bidiyo yana sa wasu sauke jabun manhajojin da aka fasa daga shafukan da ba a san mai su ba. Ka tuna manhajar nan izinin shiga duk hotunan iyalinka za ka ba ta. Bai kai ba. Tambarin da CapCut ke liƙawa a ƙarshe ɗan guntu ne da ake taɓawa a goge, sauran kuma ko dai ka biya ta hanyar da ta dace ko ka sauya manhaja.

Kafin ka tura ko'ina, ka sake kallo da idon mutanen da ke ciki. A wurin kamu ko wuni mata suna sakin jiki saboda suna tsakanin 'yan uwansu, mayafi ya zame, ana rawa, wata na shayar da goyo a gefe. Ba su yi haka don TikTok ba. An sha samun saɓani a gidajen aure saboda daƙiƙa biyar da wani yaro ya ɗora ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma abin da ya riga ya fita ba ya dawowa. Ka nuna wa uwar biki da amarya kafin kowa. Wanda za a saka a waje a cire duk wadda ba ta yarda ba, a kula da fuskokin yara, da lambar mota, da ƙofar gida, da wurin da ake ƙirga kuɗi.

Saura ajiya, inda aka fi yin asarar da ba ta gyaruwa. Sau da yawa manhaja ba ta kwafe bidiyonka, nuni kawai take yi zuwa inda yake a waya. Idan waya ta cika ka goge na asali don samun wuri, kana buɗe aikin za ka tarar da gurabe babu hoto. Ko bayan ka fitar, kada ka goge su. Abin da ka yanke yau ka ga ba shi da amfani, wata rana shi za a nema, musamman idan wani a ciki ya riga mu gidan gaskiya. Ka tara na asali da wanda ka haɗa a babban fayil ɗaya, ka sa masa suna da shekara da taron da garin, ka ajiye a wuri biyu aƙalla: filashi ko kwamfuta a gida, da kuma intanet, inda Google ke ba kowane asusu 15GB kyauta da Gmail da Drive da Photos ke rabawa. Ka ba wani ɗan uwa kwafi na uku, kuma duk sanda za ka sauya waya ko ka kai ta gyara, ka fara buɗe kwafin ka tabbatar yana kunnuwa.