Yadda na hana tarwaɗa dagargajewa a miya

Da nama ya yi tsada sai na koma kifi, tunda a nan Yauri tarwaɗa ta fi giwan ruwa araha nesa ba kusa ba. Amma kullum sai ta dagargaje, ƙaya ta cika miya, yara su ƙi ci. Abin ya dame ni.

Inna ce ta leƙo madafa ta ce, "'Yar nan, ludayinki ke ɓata ta."

Yanzu in na yanka, ruwan zafi nake kwara mata, yauƙin ya yi fari ya kankaru, tsokar ta ɗaure. In murza gishiri da lemun tsami saboda ƙarni. Sai miya ta nuna nake jera ta, minti 10, ba juyawa, tukunyar kawai nake girgizawa. Kawunan kuwa na farfesun safe ne.